AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI: Ɗingishin Inji Da Mutuwar Kwayil A Zangunanmu



Na san akwai wanda zai ce me ya haɗa dandalin al'adu da zancen gareji. Ina roƙon a yi mini uzuri, a saurare ni har in kai aya, domin a wurina yadda mutane ke saye da sayarwa da gyara da riƙon amana a tsakaninsu yana cikin al'ada, kamar yadda lefe da zanen suna suke cikinta.

Shekara 11 ke nan ina riƙe da littafin zauren Maigida a nan Nima. Aikina shi ne in rubuta wanda ya kawo ƙara, da wanda aka kawo ƙararsa, da abin da aka daidaita a kai. Da can abin da ke cika littafin nan bai wuce rikicin aure da rabon gado da kuɗin hayar ɗaki ba. Yanzu kuwa wani baƙon abu ya kutso cikinsa, ɗan ƙaramin ƙarfe mai rigar roba wanda tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba, wanda makanikai ke kira kwayil. Ya raba abokai, ya sa maƙwabta sun daina gaisawa a ƙofar masallaci, kuma na ga magidanci ya zubar da hawaye a gaban dattijai saboda shi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Gabanin azumin bara wani matashi ya shigo zaure bayan la'asar, riƙe da leda baƙa. Direba ne, yana jan ɗaya daga cikin ƙananan motocin nan masu silinda uku da suka cika titunan Accra, a bisa tsarin da muke kira wok-an-pe: kowane mako ya kai wa mai mota kuɗin da aka yanka, in ya cika shekara biyu da wani abu bai saɓa ba, mota ta zama tasa. Ya durƙusa ya gaida Maigida, ya zazzage ledar a kan tabarma. Kwayil biyar ne, duk matattu, duk cikin wata huɗu ya saye su. Ya ce, "Baba, ranka ya daɗe, mako uku ke nan ban kai kuɗin mako ba. Mai mota ya ce in ban kawo ba ran Juma'a zai karɓe makulli, kuma duk abin da na biya na wata goma sha huɗu ya bi ruwa."

Aka aika aka kira bakanikensa, aka kira mai shagon da aka sayo kayan. Bakanike ya ce, "Baba Alhaji, ni abin da ya lalace nake canjawa. Ya zo mota tana misin, na cire kwayil na sa sabo, ta daidaita, ya tafi." Mai shago ya ce, "Baba, kowa ya sani kayan lantarki ba su da garanti." Kowa ya wanke hannunsa, aka bar yaro da leda.

Maigida, wanda bai taɓa riƙe sifana ba a rayuwarsa, ya dubi bakaniken ya ce, "Ɗana, in gida ɗaya ya binne mutum biyar cikin wata huɗu, ana ci gaba da kawo sababbin 'yan haya ne, ko ana tsayawa a duba rijiyar gidan?" Babu wanda ya amsa. Aka tura motar wurin wani tsohon mai gyaran waya a Maamobi. Bai yi rabin sa'a ba ya nuna mana abin da kowane mai ido zai iya gani: robar da ke ƙarƙashin murfin inji ta bushe ta tsage, baƙin mai ya tsiyayo ya taru a ramin fulogi, kwayil yana zaune tsamo-tsamo a cikinsa. Fulogan kuma jabu ne, bakinsu ya cinye ya wage. Kwayil biyar aka binne, kuma ba a taɓa leƙa ramin da suke mutuwa a ciki ba. An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba.

Kafin in shiga tuhuma, bari in bayyana abin da na koya daga bakin masu sana'ar, domin mai mota da bai san wannan ba kullum shi ne abin yanka.

Injin fetur yana tafiya ne da abu uku da dole su haɗu a kowace silinda a kan kari: cakuɗen iska da fetur, da matsi, da tartsatsin wuta. Batirin mota volt 12 kawai yake da shi, wanda bai isa ya tsallaka ko da ɗan wagen da ke bakin fulogi ba, wagen da bai fi milimita ɗaya ko kusa da haka ba. Aikin kwayil shi ne ya ɗauki wannan volt 12 ya ɗaga shi zuwa dubu 20 ko dubu 30 ko fiye. A cikinsa akwai naɗin waya biyu a kan ƙarfe: ɗaya mai kauri, naɗinsa kaɗan, ɗaya siririya kamar gashi mai naɗi dubbai. Kwamfutar mota ta saki wuta cikin na farkon, sannan ta datse ta farat ɗaya, sai ƙarfin ya yi tsalle ya fita ta na biyun ya sauka a bakin fulogi. Tsofaffin motoci kwayil ɗaya gare su, yana raba wa kowa ta wayoyi. Na yanzu kuwa galibi kowane fulogi da nasa kwayil zaune a kansa. Inji yana tsaye a cunkoso yana juyi 800 a minti, kowane kwayil yana harbi sau 400 a wannan mintin. In aka hau titi inji ya kai juyi 3,000, harbin ya zama 1,500. Ku ƙiyasta wannan daga asuba har dare, a zafin Accra, tsakanin Circle da Madina.

In silinda ɗaya ta rasa wutarta, ko fetur ɗinta, ko matsinta, sai inji ya shiga ɗingishi. Shi ne misin. Mota ta riƙa karkarwa a tsaye, ta riƙa fizga in an taka, ta rasa ƙarfin hawan tudu, ta sha mai kamar rairayi. Mai silinda huɗu ya rasa rubu'in ƙarfinsa. Mai silinda uku kuwa kamar murhu ne aka zare wa dutse ɗaya.

Abin lura shi ne kwayil mai kyau ba ya yawan mutuwa da kansa. Yakan yi shekaru yana aiki. Wanda ke mutuwa bayan mako uku, ko dai jabu ne tun asali, ko kuma wani abu ne ke kashe shi. Masu kisan kuma sanannu ne. Na farko tsohon fulogi ko jabu: duk sanda bakinsa ya ƙara wagewa, sai an ƙara ƙarfin wuta kafin ta tsallaka, kwayil ya yi ta yunƙuri fiye da ƙarfinsa har rufin cikinsa ya fashe. Na biyu baƙin mai a ramin fulogi, wanda ke kumbura robar kwayil ya sa wuta ta zurare ta gefe. Na uku ruwa. Na huɗu zafi. Na biyar lalatacciyar waya, ko sakwarkwataccen soket, ko altaneta mai tura wuta fiye da kima, alhali lafiyayyen caji yana tsakanin volt 13 da rabi zuwa 14 da rabi ne. Bayan waɗannan kuma akwai ɗingishin da babu ruwan kwayil a cikinsa sam: toshewar injekta, ko tsagaggen tiyo mai shigar da iskar da ba a auna ba, ko ƙonannen bawul, ko famfon mai da ya gaji. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya canja kwayil bai nemi dalili ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

To, tuhumata ta farko tana kan 'yan uwana makanikai, waɗanda a nan muke kira fita. Ina faɗin wannan da girmamawa, domin da yawansu 'ya'yanmu ne, da guminsu suke ci, kuma hannunsu ya riƙe ƙasar nan tana tafiya, daga garejojin bakin gota na Nima har Suame Magazine a Kumasi. Amma gyaran cinke ya yi yawa. Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo: in ana zargin kwayil na silinda ta biyu, a ɗauke shi a musanya da na ta farko. In ɗingishi ya bi shi ya koma ta farko, laifinsa ne. In ya tsaya inda yake, a saki kwayil a nemi ɓarawo a wani wuri. Minti goma ya isa. Me ya sa ba a yi? Saboda sauri, ko saboda ba a koya ba, ko kuma, Allah ya kyauta, saboda akwai ɗan abin da ake samu a kan kowane kwayil da aka aika yaro ya sayo.

Sannan ga na'urar bincike. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota da aka sayar a can ta zo da soket ɗin da ake jona wa na'ura, Turai kuma ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. Mafi yawan motocin da ke sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema suna da wannan soket a ƙarƙashin sitiyari. Mota tana faɗin ciwonta da lambobi: P0301 silinda ta farko ce ke ɗingishi, P0302 ta biyu, P0300 kuma ɗingishi ne mai yawo wanda bai tsaya wuri ɗaya ba, wanda sau da yawa ke nuni ga mai ko iska. Amma lambar tana nuna ɗakin da majinyaci yake ne kawai, ba ta faɗin abin da ya kwantar da shi. Abin takaici, wasu sun sayi na'urar sun mayar da ita abin goge laifi: a jona, a danna, fitilar gargaɗi ta mutu, a karɓi kuɗi, bayan kwana biyu ta sake kamawa. Na ga motar da aka liƙe wa fitilar da baƙin salatif, na ga wadda aka buɗe allon gaban direba aka cire ƙwan gaba ɗaya don a sayar da ita ga wani bawan Allah. Wannan ba shi da wani suna sai ha'inci.

Mafi muni shi ne abin da ake yi wa matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda ake kira katalis. In inji yana ɗingishi, fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa cikinta ya ƙone a can, ta yi zafi har ta narke ta toshe. Shi ya sa in fitilar gargaɗi ta fara ƙyaftawa maimakon tsayawa cak, ma'anarta a tsaya yanzu, kada a ƙara taku. Idan ta toshe, sai ka ji ana ce wa mai mota, "Alhaji, abin nan ba shi da amfani a ƙasarmu, bari mu fasa mu zubar." Ba zubarwa ake yi ba. A cikinta akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam, kuma masu sayen ta suna nan suna jira. Mai mota ya tafi yana godiya, an ƙwace masa dukiya, hayaƙin da aka daina tacewa kuma ya koma huhun matan da ke soya ƙosai da waina a bakin Nima Highway, da yaranmu da ke tafiya makarantar allo.

Tuhumata ta biyu tana kan masu sayar da kayan gyara. Kasuwar Abossey Okai, maƙwabciyar Sabon Zango, babu kamarta a wannan harka a duk birnin, kuma a cikinta akwai mutanen kirki waɗanda za su ce maka ga na asali, ga hom-yus wanda aka ciro daga motar waje, ga kuma na araha, zaɓi daidai aljihunka. Waɗannan ba da su nake ba, Allah ya yi wa kasuwarsu albarka. Da wanda nake shi ne mai ɗaukar na araha ya sa a kwalin na asali ya karɓi kuɗin na asali, a ko'ina shagonsa yake. Matsalar ta kai har manyan kamfanonin fulogi na Japan, NGK da Denso, sun sha fitar da gargaɗi kan jabun da ake bugawa da sunansu. Fulogin iridiyam na gaske yakan yi tafiyar kilomita dubu 100 ko kusa da haka. Jabunsa kuwa kamanni kawai ya ɗauko, bakinsa ya cinye cikin 'yan watanni, ya tafi da kwayil tare da shi.

Wannan magana ta "kayan lantarki ba su da garanti" kuma ina so mu dube ta da idon abin da muka karanta. Mu da muka durƙusa gaban malamai a soraye muka bi Ahalari da Ishmawi da Iziyya har muka kai Risala ta Ibn Abi Zaid, mun san babin ciniki ya haramta ɓoye aibin kaya da cakuɗa mara kyau cikin mai kyau, ya kuma bai wa mai saye damar mayar da abin da ya tarar da tsohon aibi a cikinsa. A littafin nan dai aka koya mana cewa mai sana'a yana da lamunin kayan mutane da aka bar masa ya yi aiki a kansu. An rubuta wannan fiye da shekara dubu da suka wuce, tun babu mota babu inji. Yaushe aka saukar da hukuncin da ya keɓe kayan lantarki? Na yarda mai shago yana da hujja guda: in ya ba da kwayil mai kyau aka dasa shi cikin tafkin baƙin mai ya mutu, ba laifinsa ba ne. To, sai ya faɗi sharaɗinsa a fili, ya rubuta a rasit. Amma a yi amfani da wannan hujja a rufe ƙofa ga kowane mai ƙorafi, har da wanda aka sayar wa jabu da gangan, wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna, ko da mai yin sa yana sahun farko a kowace salla.

Tuhumata ta uku ita ce mafi nauyi, domin tana kanmu mu masu mota, kuma ni ne farkon wanda ta kama. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shekara uku da suka wuce motar Maigida ta fara karkarwa. Bakanike ya ce mini a canja fulogai duka huɗu da robar murfi, a kuma sa na'ura. Na ji kuɗin ya yi yawa, na ce a sa kwayil ɗaya na araha mu gani. Bayan mako biyu muna bin gawar wani dattijon unguwa zuwa maƙabartar Awudome, mota ta shaƙe a tsakiyar cunkoso ta ƙi gaba. Kafin mu sami tasi mu isa, an riga an rufe kabari. Maigida bai ce mini komai ba sai "Malam, araha ba ta ado." Har yau in na tuna ina jin kunya.

Mu ne muke ƙin biyan kuɗin bincike, muna ganin wanda ya ɗauki sa'a guda yana aune-aune bai yi aiki ba tunda bai ɗaure sabon ƙarfe ba. Da haka muka koya wa makanikai cewa tunani ba ya kawo abinci, canjin kaya ne ke kawowa. Mu ne muke zuwa kasuwa mu ce a ba mu mafi araha, sannan mu dawo muna tsine wa mai shago. Mu ne jajibirin kowace Salla muke kai mota wurin wanki mu ce a buɗe bonet a feshe inji da ruwa mai ƙarfi don ya yi ƙyalli, ruwa ya sauka ramin fulogi, ranar hawan idi mota tana tari. Mu ne in ruwan Mayu da Yuni ya sauko, gota ta cika ta tumbatsa a Alajo da Circle da Kaneshie, muke kutsa hancin mota cikin ambaliya muna cewa Allah ya kiyaye. Allah yana kiyayewa, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Akwai kuma abin da dole in faɗa ko da zai ɓata wa wasu rai. Sau nawa aka zo zaure ana cewa mota baki ne ya kama ta, ko kishiyar uwa ce ta sa mata hannu, ko maƙwabci ne ya yi mata ido? Ban musa cewa hassada gaskiya ce ba, kuma addu'a takobin mumini ce. Amma na ga an rataya laya a madubi, an yi sadakar zakara, an ƙulla gaba da ɗan uwa na jini, alhali abin da ke damun motar robar murfi ce wadda kuɗinta bai kai na zakaran ba. Zargin Musulmi da sihiri ba da hujja ba zunubi ne babba, kuma baƙin mai a ramin fulogi ba ya jin tofi.

Wani zai ce, to batun fetur fa? Gaskiya ne, kuma ba zan tsallake shi ba. A ƙarshen 2023 masu motoci da dama a Ghana sun koka cewa motocinsu suna fizga, fulogai suna fitowa da jan ƙura kamar tsatsa bayan ɗan lokaci da sa su. Ƙungiyar masu amfani da man fetur ta COPEC ta ɗaga murya, kuma a watan Nuwamba na shekarar hukumar kula da harkar mai ta ƙasa, NPA, ta fito ta ce fetur ɗin da aka shigo da shi a lokacin yana ɗauke da sinadarin manganis kusa da iyakar da ma'aunin ƙasa ya yarda da ita, wato miligiram 18 a kowace lita. Ta kuma umarci masu shigo da mai su sauko zuwa miligiram 6 a fetur na gama-gari da miligiram 2 a mai daraja. Ana zuba sinadarin ne don ƙara wa fetur ƙarfin jure matsi, amma tokarsa tana taruwa a bakin fulogi da cikin katalis. A wancan karon makanikan da suka ce mai ne sun yi gaskiya, kuma abin tambaya ne yadda ma'aunin da doka ta halatta ya zama abin da ke cutar da motocin jama'a har sai da kuka ya yi yawa.

Sai dai darasi biyu na ɗauka daga wannan. Na farko, waɗanda aka saurara su ne waɗanda suka ajiye rasit, suka ɗauki hoton fulogi, suka rubuta ƙorafi. Mu a Zango mun yi ta gunaguni ne a majalisar shayi muna sayen sababbin kwayil. Na biyu, tun daga lokacin kalmar "mai ne" ta zama bargon da kowane malalacin bakanike ke lulluɓa da shi. In mai ne, shaida tana nan: a ciro fulogai a duba launinsu, kuma ɗingishin zai taɓa silinda fiye da ɗaya. In kuwa kullum silinda ɗaya ce ke cin kwayil, to fetur bai san lambar silinda ba.

Na san abin da za a mayar mini. Za a ce, Malam, kana magana kamar ba ka san halin da ake ciki ba. Sidi ya faɗi, kaya sun yi tsada, talaka ba ya iya sayen na asali. Na sani, a cikin unguwar nan nake kwana. Amma yaron da na ba ku labari talaka ne, kuma kuɗin kwayil biyar ɗin da ya binne, haɗe da man da motar ta sha a banza da ranakun da ya yi a gareji ba ya aiki, sun ninka kuɗin gyaran gaskiya. Mai hannu da shuni in an cuce shi ya ji haushi ya sayi wata mota. Talaka shi ne ba shi da halin yin gyara sau biyar. Garin neman gira ake rasa ido. Kuma ba na cewa dole sai sabo dal daga kamfani: hom-yus na asali da aka gwada a gabanka ya fi sabon jabu sau da yawa.

Za a kuma ce tsofaffin masta da kunne suke gane ciwon inji tun ba a haifi kwamfuta ba. Haka ne, kuma ina sara musu. Tsohon da ya warware mana matsala a Maamobi da ido da hanci ya fara. Amma bayan ya gani sai ya auna, kuma bai ji kunyar kiran jikansa ya karanta masa abin da na'ura ta rubuta ba. Motar zamanin kafireta daban, ta yau daban. Tun 2020 ake haɗa motocin Volkswagen a ƙasar nan, Toyota ta buɗe nata wurin a Tema a 2021, motoci masu haɗa fetur da batir suna ƙaruwa a titi, masu lantarki zalla ma sun fara leƙowa. Yaron da muka cire daga makaranta yana aji huɗu muka kai gareji, ya yi shekara biyar yana wanke sifana da sayo wa masta waake, bai iya karanta lambar da na'ura ta nuna ba, me zai ci nan da shekara goma? Wannan ne ainihin abin da ke hana ni barci. Sana'ar da ta rufa wa gidaje da yawa asiri a Zango tana shirin zamewa daga hannun 'ya'yanmu muna kallo.

Saboda haka ga abin da nake kira gare shi. Mai mota, kada ka yarda a canja kwayil sai an musanya shi a gabanka an tabbatar, an ciro fulogi ka gani, an haska ramin an ga babu mai babu ruwa. In kwayil ya mutu karo na biyu a wuri ɗaya, kada a sa na uku sai an auna caji, an duba waya da injekta da matsin silinda. Ka karɓi tsohon kayan da aka cire, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan kaya da ranar saye, ka ajiye ɗan littafi a mota kana rubuta abin da aka canja da nisan tafiyar da aka canja shi. Ka biya mai bincike haƙƙinsa da daɗin rai ko da bai ɗaure ko noti ɗaya ba. Bakanike, faɗin "ban gano ba, je wurin wane" ba ya rage maka daraja. Mai shago, ka kira kowane kaya da sunansa. Shugabannin ƙungiyar dillalan Abossey Okai da na ƙungiyar masu gareji, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku kuka fi kowa sanin masu ɓata muku suna.

Sarakunan Zango da limamai da masu hali kuma, Cibiyar Koyar da Sana'o'i ta Accra tana nan Kokomlemle, tafiyar ƙafa daga Nima. Majalisa ta kafa Asusun Raya Zango tun 2017. Me zai hana mu nemi a buɗe wa yaran gareji ajin yamma na karatu da lissafi da aikin na'ura, kamar yadda muke tara kuɗi don tanti da kujerun biki? Huɗuba ɗaya a kan amanar mai sana'a da haƙƙin mai saye za ta yi amfani a masallatanmu, daga na lungu har Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda.

A zaurenmu dai Maigida ya riga ya yanke: duk ƙarar gyaran mota da za a kawo, a zo da tsohon kaya da rasit. A shari'ar yaron nan, bakanike ya yarda ya yi aikin gyaran gaskiya kyauta, mai shago ya mayar da kuɗin fulogai da na kwayil biyu, aka kira mai mota aka roƙe shi ya ɗaga ƙafa na wata guda, ya amsa albarkacin furfura. Wata tara ke nan kwayil ɗin da aka sa ranar yana aiki. Jiya yaron ya tsaya ƙofar gida ya ce, "Malam, saura mini mako goma sha ɗaya in karɓi takardu."

Wanda na taka a cikin wannan rubutu ya yafe mini, gyara na nufa. Wanda kuma ya ga kuskure a bayanina daga cikin masu sana'ar, ya gyara mini, ɗalibi nake. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mu daga cin haram, ya kai mu gidajenmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.